Taswirar Baffa Arvid

Salmon, Idaho
20 ga Agusta, 1984

Zuwa ga Baffa Arvid,

Gaisuwa mai yawa daga wadda ba ka sani ba sai a hoto, in ma ka taɓa ganin hoton. Ni ce Marit, 'yar Nils Solheim. Na zauna na warware zumuncin namu: kakanka da kakan Baba uwa ɗaya uba ɗaya suke, saboda haka ko ka so ko ka ƙi, Baffa zan ce maka. Ina fata kana lafiya, sanyin Alaska bai cinye maka ƙasusuwa ba. Ni lafiyata ƙalau, sai dai kewa.

Na san rasuwar Baba ta iske ka, don na ga katin ta'aziyyarka mai layi biyu. Ban ji haushi ba. Shi ma haka yake, sai ka ce sayen magana yake yi.

Na baro Spokane na dawo gidansa da zama, na samu aiki a ɗakin shan magani na nan garin. A bayan ƙofa na tarar da bindigarsa. Ka san a hannun Mama na tashi, ko zomo ban taɓa kashewa ba. Duk da haka na yanki lasisin bana na farautar elk, ƙaton barewar nan mai ƙaho rassa-rassa, kuma kowace Asabar ina fita bayan gari harbin gwangwani. Yanzu daga taku ɗari biyu ina samun huɗu cikin biyar.

Shekaranjiya a shagon kofi, Doyle Kettering, mai alfadaran nan da ke kai 'yan birni farauta, ya tare ni a gaban mutane. Ya ce, "Ke 'yar Nils, bindiga kam kin gada, to wurin farautarsa fa? Shekara talatin ina bin sawun tsohonki, kullum sai ya ɓace mini kamar aljani. In kin tsinci wata takarda a aljihunsa, kawo in karanta miki, kin ji?" Aka kwashe da dariya, ni kuwa kofin ma ya fita raina.

Babu takarda, Baffa, na birkice gidan kaf. Mama ta ce mutum biyu ne kacal suka san wurin, ɗaya yana kabari. Ban zauna da Baba yadda ya kamata ba yana raye. Ina so in taka inda ya taka, ko da sau ɗaya ne. Don Allah ka faɗa mini.

Taka,
Marit

Tsibirin Kodiak
6 ga Satumba

Marit,

Na gaishe ki. Lafiyata lau, ban da gwiwar hagu, ita kuma ta daɗe ba ma shiri. An gama kamun kifin bana, ma'aikata sun watse, saura ni da kare muna gadin masana'antar kifin gwangwani har bazara. Jirgin wasiƙu sau ɗaya yake zuwa a mako biyu, shi ma in iska ta ga dama. Kada ki saba da jiran amsa da wuri.

Gwangwani ba ya jin wari, ba ya gudu. Elk kuwa ya kai doki girma, amma a cikin kurmi sai ya wuce ta gabanki ba ki gan shi ba. Idonsa kina iya yaudara, kunnensa ma haka, hancinsa ne ba a yi wa wayo. Ki zuba toka a tsohuwar safa ki riƙa girgizawa, inda tokar ta nufa nan warinki ya nufa. Da safe iska gangarowa take daga dutse, in rana ta ɗaga ta juya ta hau. Kullum ta riƙa bugun fuskarki. Ki nufi bayan kafaɗa. Idan dama ta zo kada ki tsaya sallama, bijimin elk ba ya ba mutum dama biyu.

Kwana uku na yi wasiƙarki tana kan tebur kafin in zana abin da ke cikin ambulan nan. Sunan wurin Kwano, mu muka raɗa masa, ba za ki same shi a taswirar gwamnati ba. Mil shida ne daga inda mota ke tsayawa, huɗu daga ciki hawa ne. Ki ajiye mota a gadar ƙasa, ba a bakin hanyar ba, ki shiga ta cikin rafi don kada ki bar sawu.

Ga sharaɗina. Ba aboki, ba miji in kina da shi, ba fasto. Doyle kuwa ko inuwarki kada ya gani, ubansa ma haka ya yi ta shinshina bayanmu. Ranar da mutum na uku ya ga Kwano, baɗi tantuna goma ne a ciki, baɗi waccan babu elk ko ɗaya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ki rubuto mini alƙawari da hannunki.

Baffan naki, tun da kin ce haka,
Arvid

Salmon
23 ga Satumba

Baffa,

Ina gaisuwa, ina kuma gaida gwiwa da kare. Ni ƙafafuna ne suka yi bororo, amma ban damu ba, don na je!

Ga alƙawarin da farko: ni Marit, ba zan nuna wa kowa Kwano ba, ba zan faɗa ba, ko me zai faru. Ka ajiye takardar nan shaida.

Jiya Asabar na hau, ba bindiga, leƙe kawai. Sau biyu na ɓata kafin in gane dutsen nan mai tsagewa da ka zana. Da na leƙa ta tsagar sai na zauna a ƙasa. Matan elk goma sha ɗaya na ƙirga suna kiwo kusa da idon ruwa. Can sai bijimin ya yi kuka daga cikin kurmi, ya fara siriri kamar sarewa ya ƙare da gurnani. Tsigar jikina ta tashi. Na yi kuka, Baffa, ba na jin kunyar faɗa.

Na ga farar bishiyar da ke gefen ruwan, wadda kuka riƙa yanka shekaru a jikinta. Daga 49 har 60, kowace shekara akwai N da A. A 61 babu harafi, sai wani gicciye da aka yanka da ƙarfi har ɓawon ya tsage. Daga nan zuwa bara N ne kaɗai. Me ya faru a 61?

Sai tambayar da ta hana ni sukuni. Da na gangaro, ba kaya a bayana sai gorar ruwa, amma da ƙyar na kai mota. To in Allah ya ba ni sa'a, yaya mutum ɗaya yake sauko da dabba mai girman doki? Yaya Baba yake yi? Ga shi bana zafi ya ƙi tafiya, mutane da 'yar shara suke yawo. Ranar sha biyar ga Oktoba ake buɗe farauta, kuma kwana huɗu kawai aka ba ni hutu a wurin aiki.

Doyle ya ga taɓo a tayar motata ya ce, "Wannan jar ƙasar ba ta cikin gari ba ce, 'yar Nils." Na ce masa makabarta na je. Ya cire hula, amma idonsa na kan tayar.

Taka,
Marit

Tsibirin Kodiak
3 ga Oktoba

Marit,

Gaisuwa a tsaitsaye, matuƙin jirgi ya ce hadari na tafe, ban san ranar da wannan za ta tashi ba.

Ki saurare ni da kyau. In babu ƙanƙara a ƙasa, KADA KI HARBA. Ki je ki kalla ki dawo. Babanki sai dusar ƙanƙara ta rufe Kwano yake ɗaga bindiga, ya rataye naman a sanyi, ya yi kwana biyar yana jan sa a kan faffaɗan katako bisa ƙanƙara, kaya ɗaya kowace rana. A zafi kwana biyu gare ki, a na uku nama ya fara tsami daga ƙashi. Laifina ne, na koya miki kisa ban koya miki ɗauka ba. Elk ba zai ƙare bana ba.

Zancen 61 kuwa, aiki na samu na tafi. Shi ke nan.

Arvid

Salmon
13 ga Oktoba

Baffa,

Ina fata lafiya ce ta kawo shirun nan. Kullum sai na leƙa gidan waya, har matar wurin ta fara girgiza mini kai tun daga ƙofa.

Na sake karanta wasiƙarka ta farko, ina jin sau ashirin. Ka ce in dama ta zo kada in tsaya sallama. Na ɗauka amsar ke nan, kuma shirunka yarda ce. Na wasa wuƙaƙe biyu, na ɗinka buhunan yadi shida na zuba nama. Sama tas take, ko gajimare babu. Jibi da asuba zan hau.

Marit

Salmon
20 ga Oktoba

Baffa,

Ban san yadda zan gaishe ka ba. Ina lafiya a jiki. Wasiƙarka ta ranar uku ga wata jiya ta iso, na karanta ta a tsaye a gidan waya, na ga manyan haruffan nan, na fita na zauna a mota na kasa tayar da ita. Gara ka ji daga bakina.

Ranar Litinin da hantsi bijimin ya fito, shi kaɗai, rassa shida a kowane ƙaho. Toka ta nuna iska tana fuskata. Na nufi bayan kafaɗa yadda ka ce. Harbi ɗaya. Ya yi taku kamar talatin ya faɗi. Na yi ta ihu ni kaɗai kamar mahaukaciya, har na isa kansa na kama ƙafarsa ta baya in juya shi. Ko motsi bai yi ba. Nan murnar ta ƙare.

Sai bayan azahar na gama feɗewa. Na raba shi, na rataye a inuwar kurmi, ƙudaje da rina sun yi mini rumfa. Kaya biyar ya tashi, ban da ƙaho. Na goya cinya ɗaya na kama hanya. Sau uku na faɗi. Da na kai mota rana tana faɗuwa. Na jingina da ƙofa na yi tunani: saura kaya huɗu, kowanne yini guda, mil goma sha biyu zuwa da dawowa. Na sa hannu cikin cinyar kusa da ƙashi, har lokacin da ɗumi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, Baffa, na san abin da zafi ke yi wa tsoka, ba sai an faɗa mini ba.

Gaba kura, baya siyaki. In na riƙe alƙawarinka, kaya biyu zan tsira da su, in na yi sa'a uku, sauran na hankaki ne. Dabbar nan tana kiwonta lafiya na ɗauke mata rai. Na tuna injin sanyin Baba, yadda ya rubuta suna a kan kowane ƙunshin nama, har wuya da haƙarƙari, babu abin da ya yar.

Washegari da sassafe na buga ƙofar Doyle. A duk garin shi kaɗai ke da alfadarai a gida. Ya dube ni, jini ya bushe har gwiwar hannuna, ya ce, "A'a! Mutum kika kashe ko me?"

Na ce, "Bijimi ne. Kaya huɗu suna rataye, zafi zai cinye su. Ina son alfadarai uku yanzu."

Ya ce, "A ina?"

Kafin in buɗe baki ya gane. Ya yi murmushi a hankali, ya ajiye kofinsa. "To fa. Ashe tsohon ya bar takarda."

Na ce, "Ka rantse ba za ka faɗa ba, ba za ka kai kowa ba."

Ya ce, "Haba 'yar Nils, bakina ƙanin ƙafata. Ɗauko linzamin can."

Ni na shige gaba, ni na nuna masa rafin, ni na nuna masa dutse mai tsagewa. Da ya leƙa Kwano sai ya yi fito, ya ce, "Kai! Tsohon ɓarawo. Sau nawa na wuce ta ƙasan nan!" Duk hanyar dawowa yana waige-waige yana haddace bishiyoyi, ina kallonsa.

Gaskiya ɗaya zan faɗa a kansa, ya san aiki. Ya shinshina kowane buhu, ya yanke wani ɗan wuri a wuya da ya fara canza launi, bai kai tafin hannu ba. Sauran duka ya tsira. Kafin la'asar naman yana ɗakin sanyi na mahauci.

Na karya alƙawarin da na rubuta maka da hannuna, wata guda bai cika ba. Ba ni da hujja. Ka ce wani abu, ko zagi ne.

Marit

Tsibirin Kodiak
5 ga Nuwamba

Marit,

Na samu. Ki mayar mini da taswirata.

A. Solheim

Salmon
18 ga Nuwamba

Baffa Arvid,

Ina gaisuwa, ko ba za a amsa ba.

Ga taswirarka. Ban kwafa ba, ba na ma bukata, hanyar tana cikin gwiwoyina. Kuma don kada ka ji a wani wuri: makon jiya na koma, na tarar da jajayen ƙyallaye ɗaure a rassan bishiyoyi tun daga rafi har tsagar dutse. Na kwance su duka. Na samu Doyle a shagon kofi na zube masa su a kan tebur, ya ce, "Daji na gwamnati ne, 'yar Nils, ba gadon gidanku ba." Wai har ya yi wa wasu likitoci huɗu daga California alƙawarin baɗi. Abin da ka faɗa zai faru. Ni na jawo, kuma abin yana cina kullum.

Amma ni ma bari in faɗi tawa. Kusan wata guda ina jiran wasiƙarka, na samu kalma bakwai. Na yi kuskure da na harba a zafi, na yarda, wannan wautar sabon shiga ce. Abin da na yi washegari kuwa, na juya shi ta kowace fuska, kuma in aka mayar da ni bakin motar nan da hannuna cikin cinya mai ɗumi, ƙofar Doyle zan sake bugawa. Ban san Baba sosai ba, kai ka san shi. In ka ce shi zai bar naman ya ruɓe don ya ɓoye wuri, to faɗa mini ƙarara, in san irin mutumin da nake kewa.

A cikin kwalin da na haɗo maka akwai ƙyafaffen nama, daga gadon baya na yanka. Rabonka ne, taswirarka ce ta kai ni. In ba ka so ka ba kare.

Marit

Tsibirin Kodiak
9 ga Disamba

'Yata Marit,

Ina gaishe ki gaisuwa ta gaske, wadda na hana ki a wasiƙar baya. Gwiwa tana nan da halinta. Kwalin ya yi kwana shida a kan tebur ban buɗe ba, kare yana zaune a gabansa kamar mai jiran hukunci.

Kin tambaye ni 61, na ce aiki na samu. Ƙarya na yi.

Shekarar zafi ce irin ta bana. Babanki ya gurɗe ƙafa a rana ta farko, na rako shi mota ya koma gida. Kafin ya tafi ya ce, "Arvid, kada ka harba kai kaɗai." Na koma na ga bijimin da ban taɓa ganin irinsa ba, na harba. Da na sauko da kayan farko na je gidansa, yana zaune ƙafa a kan kujera. Ke kina tsakar gida kina wasa, ba za ki tuna ba. Ya ce, "Je ka kira tsoho Kettering da alfadaransa." Uban Doyle ke nan. Na ce sai dai in mutu. Ya ce, "To ni zan rarrafa in je." Na ɗauke makullin motarsa na sa a aljihu na fita.

Kaya biyu na sauko da su. A rana ta uku tun daga tsagar dutse warin ya tare ni. Na buɗe buhu na ga naman ya yi kore a jikin ƙashi. Fiye da rabin bijimin na bari a wurin. Kuma kin san abin da na ɗauko a wannan hawan na ƙarshe? Ƙahon.

Da ƙafarsa ta warke ya hau shi kaɗai, ya ga ƙasusuwan, ya yanka gicciyen da kika gani. Ya dawo ya same ni, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wanda ya fi son wuri a kan nama ba maharbi ba ne. Je ka nemi abin da za ka yi gadi." Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Shekara ashirin da uku. Kati nake aika masa duk Kirsimeti, shi ma ya aiko, suna kawai.

Ga amsar tambayarki. Babanki da rarrafe zai je ƙofar Kettering. Kin ce ba ki san shi ba. Ranar Talatar nan da kika tsaya a ƙofar Doyle da jini a hannu, babu wanda ya kai ki saninsa.

Ba don kin karya alƙawari na yi fushi ba. Na yi fushi ne don a farautarki ta farko, ke da ko zomo ba ki taɓa kashewa ba, kin yi abin da na kasa. Ni ne na sa ki rantse a kan abin da ya raba ni da ɗan'uwana, kuma na san haka lokacin da nake rubutawa. Ki yafe mini.

Kwano ya tafi, kada mu yaudari kanmu. Zan yi kewarsa har in mutu, ke ma haka. Na mayar miki da taswirar, ki ajiye ta a bayan ƙofa tare da bindigar. In ƙanƙara ta narke, ki riga mutanen Doyle hawa. Ki yanka 84 a jikin farar bishiyar, ki sa M. Gicciyen kuwa kada ki taɓa shi, nawa ne.

Jiya na buɗe kwalin. Rabona da naman Kwano tun kafin wancan bijimin, don ko kaya biyun da na sauko da su ban iya ci ba. Kin cika gishiri, haka babanki ma yake yi. Kare bai samu ko yanki ɗaya ba.

Baffanki,
Arvid